NAZARI: Kati ɗaya, masu haya bakwai: Siyasar da ke ƙarƙashin rabon na'urorin GPU

A watan Oktoban 2025, a wani taron masana kimiyyar kwamfuta da aka gudanar a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, injiniyoyin kamfanin Alibaba na ƙasar Sin da abokan aikinsu na Jami'ar Peking sun gabatar da wata maƙala mai ɗauke da lambobi biyu da suka ja hankali. Sun ce a wani gwaji da ya ɗauki fiye da wata uku, aikin da a da yake cinye musu katunan GPU 1,192 samfurin H20 na kamfanin Nvidia, guda 213 ne suka ɗauke shi. Wannan ragi ne na kashi 82 cikin 100. Ba su ƙera wata sabuwar na'ura ba. Abin da suka sauya shi ne yadda ake raba waɗanda ke hannunsu, bayan sun gano cewa kashi 17.7 cikin 100 na katunan suna zaune ne suna jiran buƙatun da ba su wuce kashi 1.35 cikin 100 na aikin baki ɗaya ba.

Labarin ya fito ne daga ƙasar da Amurka ta shafe shekara uku tana ƙoƙarin hana ta samun irin waɗannan katuna. Shi ya sa ya wuce hirar injiniyoyi. Muhawarar da ake yi a kan ƙirƙirarriyar basira ta fi karkata ga tambayar wane ne ya mallaki katuna nawa. Akwai wata tambayar a ƙarƙashinta da ba a cika yi ba: idan aka ɗauki kati ɗaya aka raba shi ga mutane da yawa, wa ke yin rabon, da wane sharaɗi, kuma me ke hana wannan ya leƙa aikin wancan? Ga ƙasashen da ba su da kuɗin sayen dubban katuna, amsar wannan tambaya ce za ta tantance ko za su shiga kasuwar, da kuma matsayin da za su shiga da shi.

Katin wasa da ya zama kadarar gwamnatoci

GPU na'ura ce da aka fara ƙerawa domin zana hotunan wasannin kwamfuta. Bambancinta da babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta shi ne tana ɗauke da dubban ƙananan ma'aikata da ke yin lissafi iri ɗaya a lokaci guda. A 2012, wasu masu bincike a Jami'ar Toronto ta Kanada suka horar da manhajar gane hotuna mai suna AlexNet da katunan wasa guda biyu kacal, suka kuma yi wa abokan gasarsu fintinkau. Daga nan aka tabbatar cewa lissafin da ke zana hoto shi ne irin wanda ƙirƙirarriyar basira ke buƙata.

Yau katin H100 da Nvidia ya gabatar a 2022 ana ƙiyasta kuɗinsa tsakanin dala 25,000 zuwa 40,000. Idan aka ɗauki dala 30,000 a canjin naira 1,500, kati ɗaya ya kai naira miliyan 45. Mafi ƙarfin samfurinsa yana jan wuta har wat 700, akwatin da ke ɗauke da guda takwas kuwa yana iya haura kilowat 10, ban da na'urorin sanyaya ɗaki. Darajar kamfanin Nvidia a kasuwar hannun jari ta kai dala tiriliyan 4 a watan Yulin 2025, ta kuma taɓa tiriliyan 5 a watan Oktoba.

Kadara mai irin wannan tsada ba a barin ta ta yi zaman banza, kuma a nan ne batun ƙagaggiyar kwamfuta ya shigo. Wannan kwamfuta ce da manhaja ke ƙirƙirawa a cikin kwamfutar gaske, da tsarin aikinta da ma'ajiyarta, har mai amfani da ita ya ji kamar injin nasa ne shi kaɗai. Kamfanin IBM ya fara wannan dabara tun shekarun 1960, VMware ya kawo ta ƙananan injuna a ƙarshen shekarun 1990, sannan Amazon ya mayar da ita kasuwar haya ta intanet a 2006. Raba babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta ta wannan hanya ya daɗe da zama ruwan dare. GPU ce ta yi wuyar rabuwa, domin tun asali an ƙera ta ne ta yi wa ubangida ɗaya hidima.

Hanyoyi uku na rabo

Wanda ya san zaman gidan haya ba zai sha wahalar fahimtar hanyoyin ba. Ta farko ita ce a miƙa wa ƙagaggiyar kwamfuta ɗaya katin gaba ɗayansa, kamar mutum ya kama gida sukutum. Yana samun kusan dukkan ƙarfin katin, ba mai damun sa. Illar ita ce duk lokacin da ba ya aiki, katin na zaune, ga kuɗin wuta da na haya suna tafiya.

Ta biyu ita ce karɓa-karɓa. Ana ba kowace ƙagaggiyar kwamfuta ɗan lokaci da bai kai ƙiftawar ido ba, sai a janye a ba ta gaba, a yi ta zagayawa. Da wannan tsari Nvidia ya fara sayar da fasaharsa ta vGPU a farkon shekarun 2010. Yana ba da damar cusa masu haya da yawa, amma saurin da kowa zai samu ya danganta da yawan waɗanda ke kan layi da kuma ƙa'idar da mai gida ya zaɓa. Idan maƙwabci ya ɗauko aiki mai nauyi, sauran na iya ji a jikinsu, kamar gidan da famfo ɗaya ne kowa ke tara.

Ta uku ita ce a gina katanga a cikin katin kansa. A watan Mayun 2020, Nvidia ya fito da katin A100 tare da wata fasaha mai suna MIG, wadda ke yanka kati ɗaya har gida bakwai, kowane yanki da nasa ma'aikatan lissafi da tasa ma'ajiyar. A katin H100 mai ma'ajiyar gigabayit 80, kowane yanki cikin bakwai yana samun gigabayit 10. A nan aikin wani ba ya rage wa wani sauri. Sai dai yankin da mai shi bai yi amfani da shi ba, ba mai iya aron sa cikin sauƙi.

Dabarar Alibaba tana aiki ne a wani mataki na sama da waɗannan, inda manhaja ke sauya wa kati aiki tun yana tsakiyar ba da amsa. Manufar dai guda ce: kada a bar katin ya huta. Abin lura ga mai saye shi ne duk waɗannan nau'o'i ana iya rubuta su a takardar farashi da suna ɗaya, wato "GPU", alhali tazarar da ke tsakaninsu a ƙarfi da tsaro da kuɗi mai faɗi ce.

Makullin yana hannun maƙeri

Ana iya zaton cewa wanda ya sayi kati da kuɗinsa yana da ikon raba shi yadda ya ga dama. Tarihin shekaru goma da suka wuce ya nuna akasin haka. A ƙarshen 2017, Nvidia ya sauya sharuɗɗan manhajar da ke tuƙa katunansa na wasa samfurin GeForce, ya haramta girka ta a manyan cibiyoyin sarrafa bayanai, in ban da aikin da ya shafi kuɗin kirifto. Shekaru da dama kuma wannan manhaja takan ƙi aiki da zarar ta gane cewa a cikin ƙagaggiyar kwamfuta take. Sai a watan Maris na 2021 kamfanin ya sassauta, shi ma ga kwamfuta ɗaya a kan kati ɗaya.

A wannan shekarar, wasu masu sha'awar fasaha suka wallafa wata 'yar manhaja a shafin GitHub da ke yaudarar tsarin ya ɗauki katin wasa a matsayin katin kamfani. Da aka gwada, katunan wasa da dama sun rabu tsakanin ƙagaggun kwamfutoci ba tare da an taɓa ko waya ɗaya a jikinsu ba. Wannan ya fallasa cewa a waɗancan katuna, shingen na kasuwanci ne da aka rubuta a manhaja.

Ko a katunan kamfani ma, raba su ta hanyar vGPU yana buƙatar lasisi. Takardun Nvidia sun bayyana cewa ƙagaggiyar kwamfutar da ta kasa samun lasisi za a rage mata sauri bayan minti 20, bayan awa 24 kuma manhajar lissafi ta CUDA ta daina aiki. Farashin da kamfanin ya sa wa kunshin manhajojinsa na ƙirƙirarriyar basira shi ne dala 4,500 a kan kowane kati a shekara. Ma'ana, hukuma ko jami'ar da ta tara kuɗi ta sayi katuna tana iya wayar gari da wani kuɗin da ake sabuntawa kowace shekara, da dala.

Akwai abokan gasa. AMD ya fito da nasa tsarin mai suna MxGPU a 2016, yana tallata shi da cewa babu kuɗin lasisi a kan kowane mai amfani. Intel ya taɓa samar da GVT-g kyauta a cikin tsarin Linux, kafin ya daina ci gaba da shi a sababbin na'urorinsa. Amma yawancin ƙiyasi sun nuna Nvidia ne ke riƙe da fiye da kashi 80 cikin 100 na kasuwar katunan ƙirƙirarriyar basira. A watan Disambar 2024 ya kammala sayen Run:ai, wani kamfanin Isra'ila da sana'arsa ita ce rarraba aiki a kan katunan GPU, a kan kuɗin da aka ruwaito ya kai dala miliyan 700. Sai da Hukumar Tarayyar Turai ta binciki cinikin kafin ta amince, kuma Nvidia ya yi alƙawarin buɗe manhajar ga kowa. Duk da haka, mai ƙera katin ya ƙara kusantar wuƙar da ake yanka shi da ita.

Takunkumi a kan ƙarfe, haya ta intanet

Ranar 7 ga Oktoban 2022, Ma'aikatar Kasuwancin Amurka ta hana fitar da katuna irin su A100 da H100 zuwa Sin. Nvidia ya ƙera masu ƙarancin ƙarfi, A800 da H800, sai aka toshe su su ma a Oktoban 2023. Daga nan aka samu H20, wanda gwamnatin Donald Trump ta gindaya wa sharaɗin lasisi a Afrilun 2025, kafin a watan Agusta a sanar da wata yarjejeniyar da ba a saba gani ba, inda gwamnatin Amurka za ta karɓi kashi 15 cikin 100 na kuɗin cinikinsa a Sin.

Duk waɗannan dokoki an gina su ne a kan kayan da ake ɗora wa jirgi a tsallaka iyaka da su. Kati da aka raba aka ba da haya kuwa ba ya motsawa daga inda aka girka shi. Mai haya yana iya kasancewa a wata nahiyar, yana aiko da aikinsa ta intanet. A watan Agustan 2024, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya binciki takardun neman kwangila a Sin, ya gano jami'o'i da cibiyoyin bincike da suka nemi amfani da fasahar da aka hana su ta hanyar hayar injunan kamfanonin Amurka, ta hannun dillalai. Wannan bai saɓa wa dokar yadda aka rubuta ta ba.

Hukumomin Amurka sun san da wannan ɓaraka. A Janairun 2024 Ma'aikatar Kasuwanci ta gabatar da daftarin ƙa'idar da za ta tilasta wa kamfanonin haya tantance abokan cinikinsu na ƙasashen waje, kamar yadda bankuna ke yi. A Satumbar shekarar Majalisar Wakilai ta amince da ƙudirin da zai sa amfani da na'ura daga nesa ya shiga ƙarƙashin dokar fitar da kaya, amma wa'adin majalisar ya ƙare bai zama doka ba.

Lamarin bai tsaya kan Sin ba. Kwanaki kaɗan kafin Joe Biden ya sauka, a Janairun 2025, gwamnatinsa ta fitar da ƙa'idar da ta kasa duniya gida uku. Amurka da ƙawayenta 18 ba su da iyaka. Ƙasashe irin su Sin da Rasha an rufe musu ƙofa. Sauran, ciki har da Nijeriya, an yanka wa kowace adadin da bai wuce kimanin katuna 50,000 ba zuwa 2027. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a rukunin farko. Gwamnatin Trump ta soke ƙa'idar a watan Mayu, kwana biyu kafin ta fara aiki, amma darasin ya riga ya fito fili: adadin lissafin da ƙasa za ta iya yi abu ne da wata ƙasar ke iya yanke hukunci a kai.

Mai haya kuma ya fi mai kaya zama cikin haɗari. A watan Yulin 2025, bayan Tarayyar Turai ta ƙaƙaba takunkumi wa Nayara Energy, matatar man Indiya da kamfanin Rosneft na Rasha ke da babban kaso a ciki, Microsoft ya dakatar da ayyukan da yake yi mata. Sai da ta garzaya kotu a Delhi, aka dawo da su bayan 'yan kwanaki. Katin da aka saya, sai an zo an ɗauke shi. Yankin da aka yi haya, danna maɓalli ya isa.

Kaurin katangar da ke tsakanin maƙwabta

Tambaya ta gaba ita ce ta sirri. A Janairun 2024, kamfanin tsaron intanet na Trail of Bits ya bayyana wata kafa da ya kira LeftoverLocals, a wasu na'urorin Apple da AMD da Qualcomm da Imagination. Matsalar mai sauƙin fahimta ce: idan wani aiki ya gama amfani da wani sashe na ma'ajiyar katin, ba a share wurin kafin na gaba ya shigo. Masu binciken sun nuna cewa wanda ya biyo baya zai iya tattara ragowar har ya karanta amsar da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ba wani. Katunan Nvidia ba su cikin waɗanda abin ya shafa.

Nasu ya zo ta wata hanyar. A Satumbar 2024, kamfanin Wiz ya gano kafa a manhajar Nvidia da ake amfani da ita wajen haɗa katin da ƙananan akwatunan manhaja, waɗanda suka fi ƙagaggiyar kwamfuta sauƙi da arha amma katangarsu ta fi siranta. Ta wannan kafa mai haya zai iya ɓallewa daga akwatinsa ya mamaye injin gaba ɗaya. Nvidia ya fitar da gyara. A Yulin 2025 kuma masu bincike a Jami'ar Toronto suka nuna cewa ta hanyar yawan bugun wani layi na ma'ajiyar katin A6000, ana iya jirkita bayanan da ke layin maƙwabtaka. Jirkita ɗigon bayani ɗaya tak ya rage daidaiton wata manhaja daga kashi 80 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 1.

Waɗannan duka masu bincike ne suka gano su suka sanar domin a gyara, kuma ba hujja ba ce ta guje wa rabo. Abin da suke nunawa shi ne arha da tsaro suna ja-in-ja. Gwargwadon yawan masu hayar da aka cusa a kati ɗaya, gwargwadon saukar farashi, kuma gwargwadon nauyin da ke kan katangar.

Inda Nijeriya ta shigo

A watan Maris na 2025, kamfanin Cassava Technologies na attajirin Zimbabuwe Strive Masiyiwa ya sanar da haɗin gwiwa da Nvidia, inda zai fara girka katuna 3,000 a Afirka ta Kudu, da shirin faɗaɗawa zuwa Masar da Kenya da Maroko da Nijeriya. Tsarin kasuwancinsa na haya ne. A watan Satumba kuma Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar da N-ATLAS a birnin New York, manhajar harshe da aka gina domin Hausa da Yarabanci da Ibo da Ingilishin 'yan Nijeriya. An buɗe ta ga kowa, sai dai ɗalibin da ke son ya inganta Hausarta ko ya gina wani abu a kanta yana buƙatar GPU, kuma ba shi da naira miliyan 45. Abin da yake buƙata shi ne yanki ɗaya na tsawon 'yan awanni ko kwanaki.

Ke nan yawancin 'yan Nijeriya da za su taɓa wannan fasaha za su taɓa ta ne a matsayin masu haya. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da ake saye kusan naira 460 a farashin gwamnati ta taɓa ninkawa fiye da sau uku. Amazon ya fara karɓar naira daga abokan cinikinsa na hayar injuna a Janairun 2025, amma sauya kuɗin da ake biya da shi bai sauya asalin farashin ba.

Indiya ta ɗauki wata hanya da ta cancanci nazari. A Maris na 2024 gwamnatinta ta ware sama da rupi biliyan 100 domin shirin ƙirƙirarriyar basira. Maimakon ta raba wa kowace jami'a katunanta, sai ta sa kamfanoni suka yi gasar farashi, ta tara dubban katuna a tsari guda, ta kuma ba ɗalibai da ƙananan kamfanoni haya a kan kuɗin da bai kai dala ɗaya a awa ba. Nijeriya tana da cibiyoyin da za su iya ɗaukar irin wannan nauyi, kamar Galaxy Backbone mai cibiyoyin bayanai a Abuja da Kano, da asusun TETFund da ke ɗaukar nauyin kayan aikin manyan makarantu. Katuna goma da jami'o'i ashirin ke rabawa bisa ƙa'ida sun fi amfani a kan kati ɗaya-ɗaya da aka kulle a ofisoshi, ana jiran wuta.

Sai dai duk inda ake rabon abu mai tsada da kuɗin jama'a, akwai ƙofar cuwa-cuwa, kuma wannan ƙofar ba kowa zai gane ta ba. Ɗan kwangila na iya rubuta "GPU goma" a takarda, ya kawo yankuna goma da aka fitar daga katuna biyu. Mai binciken kuɗi zai buɗe ƙagaggun kwamfutoci goma, ya ga kowace tana nuna nata, ya sa hannu. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 sun ba 'yan jarida da ƙungiyoyin sa ido damar neman takardun irin wannan ciniki, amma sai wanda ya san abin da zai tambaya ne zai amfana da su.

Tambayoyin ba su da yawa. Cikakken kati ne aka saya, ko yanki mai katanga, ko karɓa-karɓa? Nawa ne kuɗin lasisi a shekara, kuma a kasafin wa yake? A wace ƙasa injin yake, kuma wace gwamnati ce ke da ikon ba da umarnin a kashe shi? Idan bayanan 'yan ƙasa ne za a sarrafa, irin su rajistar masu zaɓe sama da miliyan 93 da ke hannun INEC ko bayanan lambar NIN, su waye ke kan katin a lokaci guda, kuma hakan ya dace da Dokar Kare Bayanai ta 2023? Sannan wa ke tantance ɗalibin da zai samu awanni, kuma a ina za a wallafa sunayen waɗanda suka samu?

Masu iya magana na cewa zanen aro ba ya rufe katara. Nijeriya ba ta da zaɓin guje wa aro a wannan fage nan kusa, domin ba ta ƙera katin, ba ta kuma da kuɗin tara dubbansa. Abin da ke hannunta shi ne rubuta sharuɗɗan aron a takardar kwangila, tun kafin a fara biya.